Makaɗa Marasa Ubangida: Tsokaci a Kan Tasowar Ƙungiyar Tal National

Gabatarwa

A teburin wani mai shayi a Ketaren Gwari, cikin garin Minna, na fara jin kiɗan Tal National daga wayar wani ɗan Nijar. Na ji kalangu, na ji jita, na ji Hausa jefi-jefi, amma na rasa rukunin da zan sa shi a cikin rabe-raben makaɗan baka da aka koya mana: ba na fada ba ne, ba na sana'a ba ne, bai kuma yi kama da na jama'a irin na Shata ba. Wannan 'yar takarda za ta dubi wahalhalun da ƙungiyar ta sha a farkon tasowarta, da yadda suka shafi kiɗanta.

Tasowarta

An kafa Tal National a Yamai a shekarar 2000, a ƙarƙashin jagorancin Hamadal Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, makaɗin jita, tsohon ɗan ƙwallo, wanda kuma ya yi aikin shari'a a kotu. Sunan ƙungiyar ya samo asali daga hamadar Tal ta wajen N'Guigmi. 'Yan ƙungiyar sun haɗa da Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye.

Makaɗin gargajiya yakan tashi da majingina. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa. Makaɗin maƙera yana da maƙera. Su kuwa waɗannan ba su da ubangidan da zai ba da doki ko riga. Ƙasarsu ba ta da kamfanonin rarraba faifai, kayan kiɗan zamani kuma daga waje ake sayo su da tsada. Saboda haka suka dogara da bukukuwan aure da na suna da dandalin dare, inda sukan yi kusan awa 5 suna kiɗa, dare 5 a mako. Wani lokaci sukan rabu gida biyu don su halarci wurare biyu a dare guda. Faifansu kuwa da hannu suke tallarsa a titunan Yamai.

Tasirin Wahala a Kan Salo

Duk wanda ya saurari faifan Kaani, wanda Jamie Carter, mutumin Chicago ta Amurka, ya naɗa a Yamai a 2011, kamfanin FatCat na Ingila ya fitar a 2013, zai ji wannan tarihi a cikinsa. Saurin kiɗan na wanda ya saba riƙe 'yan rawa ne har tsakar dare. Yadda jita biyu ke sarƙewa ba tare da tuntuɓe ba, sakamakon maimaici ne na shekaru. Sauyin harshe daga waƙa zuwa waƙa kuwa dabarar mai neman abinci ce a birnin da kowane biki da ƙabilarsa.

Sai dai inda aka yi riba, nan aka yi hasara. Bahaushe yana auna waƙa da maganarta: turkenta, da ɗiyanta, da azancin da ke ciki. A wajen Ɗanƙwairo kotso bawan magana ne. A Kaani kuwa, da Zoy Zoy na 2015 da Tantabara na 2018, sau da yawa murya takan zama ɗaya daga cikin kayan kiɗa, rauji ya danne ma'ana. Mai rawa ya samu, mai saurare ya rage.

Kammalawa

Wannan ba dalili ba ne na kawar da kai daga gare su. Rabe-raben da muka gada an gina su ne a kan wanda ake yi wa kiɗa, ga kuma makaɗan da ubangidansu shi ne duk wanda ya biya. Irinsu ne samarin da ke jan fiyano zuwa gidajen biki a Minna. In manazarta ba su buɗa musu gurbi ba, za a wayi gari ana nazarin waƙar jiya kaɗai, ta yau kuwa baƙi ne za su rubuta mana tarihinta.