3.4 Kalmar Belongings: Ma'anarta da Matsalar Fassararta

A wannan sashe za a duba kalmar belongings ta Ingilishi, wadda masu fassara da dama ke mayarwa da dukiya ko mallaka. Manufar ita ce a nuna cewa wannan fassara ta zarce iyakar da masu harshen suka yi wa kalmar.

3.4.1 Ƙirar Kalmar

Kalmar ta samo asali ne daga aikatau belong, wato abu ya zama na wani. An liƙa masa ɗafa-ƙeya -ing ya koma suna, sannan aka ƙara -s ta jam'i. Abin lura shi ne, wannan jam'i ba shi da tilo mai ma'anar abin hannu. Idan aka cire -s, ma'anar takan koma ta jin da mutum ke yi cewa shi ɗan gida ne a cikin wata al'umma. Saboda haka Bature ba ya nuna agogonsa guda ɗaya ya kira shi belonging. Shakespeare ya yi amfani da kalmar a wasansa Measure for Measure da ma'anar baiwar da mutum yake da ita. Ma'anar kayan hannu kuwa sai a farkon ƙarni na 19 ta kafu.

3.4.2 Yadda Ake Amfani da Ita

A maganar yau da kullum, kalmar na nufin abubuwan da mutum zai iya ɗauka ya tafi da su: tufafi, jaka, littattafai, agogo, takalma da makamantansu. An fi jin ta a tashar jirgin ƙasa da filin jirgin sama, inda ake tunatar da fasinja kada ya manta da kayansa. Haka nan kuma ana jin ta a asibiti da gidan yari, inda ake karɓar kayan mutum a rubuta, a mayar masa ranar fita. Gida da gona da kuɗin da ke banki ba sa shiga cikinta. Waɗannan property ce ke ɗaukar su.

Dokar Ingila ma ta san da irin wannan rabe-rabe. Dokar rabon gado ta 1925 ta ware kayan amfanin mamaci, kamar mota da littattafai da kayan ado, ta kira su personal chattels, ta kuma fitar da kuɗi da kayan sana'a daga cikinsu. An sauƙaƙa lafazin a gyaran 2014, amma kuɗi na nan a waje.

3.4.3 Sharhi a Kan Fassara

Idan aka auna kalmomin Hausa da abin da ya gabata, za a ga kowace da inda ta gaza. Dukiya ta yi faɗi, domin ta haɗa gida da gona da jari, a bakin makiyayi ma shanu take nufi. Alhali ko almajirin da ba shi da komai sai allo da ƙoƙo da buzu yana da belongings, amma ba Bahaushen da zai ce yana da dukiya. Mallaka kuwa ta fi karkata ga haƙƙin da mutum ke da shi a kan abu. Komatsai da tarkace na ɗauke da raini, wanda babu shi a kalmar Ingilishi.

Kaya ita ce ta fi kusa, sai dai ita ma tana nufin hajar ɗan kasuwa da lodin mota. Abin da ke taƙaita ta shi ne lamirin mallaka, kamar a ce kayansa ko 'yan kayanta. A zance kuwa, ya tattara nasa-ya-nasa ya fi kowace fassara kama ma'anar.

Illar kuskuren takan fito fili a wajen gado. Alal misali, a ce wani ma'aikaci ya rasu a bakin aiki, hukumarsa ta rubuto cewa ta miƙa belongings ɗinsa ga ƙanensa. Idan tafinta ya ce an miƙa masa dukiyar mamaci, magada za su ɗauka har da kuɗin sallama da gida, su tuhumi ƙanen da cin amanar marayu, alhali akwati ɗaya ya karɓa. A shari'ar Musulunci tarika ta haɗa duk abin da mamaci ya bari, kayan hannu kuwa ɓangare ne kawai daga cikinta.

Daga bayanan da suka gabata, wannan nazari na ganin cewa kayan wane ita ce fassarar da ta dace, a bar dukiya ga property. A sashe na gaba za a duba ita property ɗin.