Talaka Mai Goyon Mutum Biyu

Turawa suna da wani wasa: a manna hoto a kan kwali, a yanyanka shi gutsu-gutsu, mutum ya zauna ya yi ta harhaɗawa har ya koma daidai. Cikin hotunan da a ke yi wa haka akwai wani na zambo da aka zana a Faransa a 1789.

Wani tsohon manomi ne ya sunkuya, ya dogara da fartanya, yana goye da limamin coci da basarake. Takarda ta leƙo daga aljihunsa, an rubuta harajin gishiri da na taba. A ƙasa zomaye suna cin kabejinsa, ba shi da ikon kashe su, gama farauta ta sarakuna ce. Gwanintar mai zanen ita ce bai zana bulala ba, nauyi kaɗai ya nuna.

Wasan ya amfani hoton, domin tilas mai harhaɗawa ya dubi kowane zomo. Aibinsa ɗaya ne: in ya sa gutsuren ƙarshe murna ya kan yi, alhali kuwa manomin yana nan a sunkuye.