Amana da Shaida a Fim ɗin I Confess na Alfred Hitchcock

A shekarar 1953 ne Alfred Hitchcock ya fitar da fim ɗin I Confess, wanda aka ɗauka a birnin Kebek na ƙasar Kanada. An ciro labarinsa daga wani wasan kwaikwayo na Faransanci da Paul Anthelme ya rubuta a 1902. Ko da yake an san fim ɗin da sa mai kallo zaman ɗar-ɗar, mas'alar da ya tayar ta fiƙihu ce: mene ne hukuncin wanda aka ba wa amanar asiri, alhali jini ne a cikin asirin?

Otto Keller, ɗan gudun hijira daga Jamus da ke yi wa coci hidima, ya sa rigar limaman coci ya kashe wani lauya mai suna Villette. A daren ya je wurin Fada Michael Logan ya yi iƙirarin laifinsa. A ɗariƙar Katolika haramun ne fada ya bayyana abin da ya ji wurin iƙirari, ko da ransa ne zai tafi. Majalisar Lateran ta huɗu ta tabbatar da wannan a 1215. Sai zargi ya faɗa kan Logan kansa, domin mamacin yana yi wa Ruth Grandfort, tsohuwar masoyiyar Logan, barazanar tona tsohuwar alaƙarsu. Aka gurfanar da shi a kotu, ya san mai laifin, bai buɗe baki ba.

Wajibi ne a yaba wa Montgomery Clift, wanda ya fito a matsayin Logan. Da ƙarancin magana da yawan tafiya a titunan birnin ya nuna nauyin amana a kan mutumin da ya ɗauke ta da gaske. Hitchcock, wanda ya yi karatu a makarantar Katolika, bai mai da aƙidar abin dariya ba, kuma wannan adalci ne.

Sai dai fim ɗin ya sauƙaƙa wa kansa jarrabawar. Wanda ake tuhuma shi ne mai riƙe da asirin, saboda haka shirunsa ya zama sadaukarwa zalla. A shari'ar Musulunci ma mutum yana iya yafe haƙƙin kansa. Inda gizo ke saƙar shi ne: da a ce wani bawan Allah daban aka kai kotu, shirun nan ibada zai zama ko zalunci? Wannan tambaya fim ɗin ya kauce mata, duk da cewa ta leƙo a ƙarshensa. Bayan kotu ta sallami Logan don rashin isasshiyar hujja, jama'a suka taso masa, Alma matar Keller ta yunƙura ta faɗi gaskiya, mijinta ya harbe ta. Rai na biyu ya salwanta alhali asirin yana nan a rufe, amma kyamara ba ta tsaya ta tambayi Logan komai ba. Daga nan Keller ya tona kansa a otal ɗin Château Frontenac bisa zaton fadan ya riga ya fallasa shi, sai marubuta suka fitar da jaruminsu fes ba tare da ya zaɓi komai ba.

Musulunci ba shi da wani mai tsayawa tsakanin bawa da Ubangijinsa wajen tuba, amma ya san darajar sutura. Ƙissar Ma'izu ɗan Maliku ta nuna yadda Annabi (SAW) ya riƙa kau da kai daga iƙirarinsa na zina, domin laifin haƙƙin Allah ne. Jini kuwa haƙƙin bayi ne. Aya ta 283 a Suratul Baƙara ta hana ɓoye shaida, aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta umurci tsayawa kan adalci ko da a kan kai ne ko iyaye. Imam Nawawi kuma ya sanya sauke haƙƙin mai haƙƙi cikin sharuɗɗan tuba. Bisa wannan ma'auni, iƙirarin Keller ba tuba ba ne. Dabara ce ta ɗaure bakin mutumin da ya gan shi a daren.

Ba za a raina hujjar Katolika ba: idan mai laifi ya san za a tona shi, ba zai zo ba, sai ƙofar nasiha ta rufe. Malamin da mutane ke kawo wa damuwarsu a zaure ya san gaskiyar wannan. Amma abin da ya fi dacewa da shi shi ne ya bayyana wa mai zuwa iyakar amanar tun kafin ya fara magana: za a rufa masa asirin abin da ke tsakaninsa da Allah, ba za a rufa abin da zai halaka wani ba.