Majami'a a Bakin Ruwa: Duban Wani Zanen Rasha

A cikin kalandu da katunan Kirsimeti da ke zuwa hannunmu a Katsina, wani lokaci mukan ci karo da zanen ƙaramar majami'a a bakin kogi, sama a lulluɓe da gajimare. Wannan salo ya yi ƙarfi a Rasha, musamman wurin masu zane da fentin da ake damawa da ruwa, irin su Sergey Andriyaka, wanda ya kafa makarantar koyar da shi a Mosko a 1999. Amma in muna so mu auna salon da adalci, sai mu koma ga Ishaku Levitan (1860 zuwa 1900), ko da yake shi da fentin mai ya yi manyan ayyukansa.

Zanensa na 1894, wanda sunansa ke nufin "Bisa Madawwamiyar Salama", yana gidan adana zane na Tretyakov a Mosko. Ruwa da sararin sama sun cinye kusan dukan allon. Can ƙasa, a kan wani tudu, ga 'yar majami'ar katako, bayanta kaburbura da gicciyoyi sun karkace, iska tana kaɗa itatuwa. Haske ɗaya tak ke akwai na hannun mutum, wato ɗan wanda ke tagar majami'ar. Levitan ya zana ruwan ne a tafkin Udomlya, majami'ar kuwa ya ɗauko siffarta daga garin Plyos a gaɓar kogin Volga. Wuta ta cinye ainihin majami'ar a 1903.

Abin da muka yaba shi ne gaskiyar ma'auninsa. Bai kumbura ginin don ya burge kowa ba. Ya bar shi ƙarami a gaban halitta, daidai da abin da Zabura 90 da Ishaya 40 ke koya mana game da gajartar kwanakin ɗan adam. Mu da muke auna hidima da tsawon bene da yawan lasifika, wannan tagar ta isa ta ba mu kunya. Ga kuma wani abin tunani: Levitan Bayahude ne, an kore shi daga Mosko a 1879 da 1892 saboda haka. Wanda aka hana wa zama a birni shi ne ya fi ganin darajar wannan ɗan haske.

Duk da haka muna da ƙorafi. Babu mutum ko ɗaya a zanen, sai matattu. Sabon Alkawari kuwa jama'a yake kira ikkilisiya, ba katako ba. Salamar da ke nan ta kabari ce, kuma mai karanta 1 Korantiyawa 15 ya san kabari ba shi ne maganar ƙarshe ba. Levitan ya yi tambayar da gaske, amma bai amsa ta ba, ba kuwa za mu tilasta masa amsar da bai bayar ba.

Na bayansa ne suka fi damunmu. Fentin ruwa yana tausasa komai. Ɗauki hasumiyar ƙararrawa ta Kalyazin, wadda masu zane ke ƙauna saboda tana tsaye a tsakiyar ruwa. Yadda ta kai ga haka shi ne gwamnatin Sobiyet ta rushe majami'ar Nikolas, ta gina dam na Uglich, ruwa ya shanye tsohon garin wajen 1940. Zanen da ya nuna inuwarta a ruwa da maraice, ya yi shiru a kan wannan, ya mai da tabo kwalliya. Mu a Arewa mun san ƙonannun majami'u, don haka bai kamata wannan ya wuce mu ba.

Abu guda da ya cancanci mu kwaikaya shi ne cewa Rashawa sun zana majami'arsu a cikin ƙasarsu, da itatuwansu da kogunansu. Mu kuwa har yau dusar ƙanƙara muke ratayawa a ofishin fasto a tsakiyar bazarar Katsina. Ga majami'ar Bartalamawus a Wusasa, ginin ƙasa irin na Hausa tun 1929. Ga ƙananan majami'un Maguzawa a gefen gonakin gero, da mata zumunta suna fitowa da ganguna. A cikin ikkilisiyoyinmu akwai matasa masu hannun zane, kalandar shekara mai zuwa kuma ba a buga ta ba tukuna.