Sharhi a kan hanyar koyar da zanen logaritim

Tun shekarar 1973 da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, galibin aikin samar da kalmomin lissafi a Hausa ya tsaya ne ga ajujuwan firamare. Ranar da aikin zai kai ga lissafin lise, za a tarar da hanyoyin koyarwa da aka gada, waɗanda ya kamata a auna su tukuna kafin a fassara. Darasin zanen logaritim yana daga cikinsu.

Hanyar da aka saba ita ce a ba ɗalibi jerin dokoki ya haddace: in an ƙara lamba a wajen baka, zane ya hau, in an ɗebe lamba a cikin baka, zane ya gusa dama. Amfaninta a fili yake, gama tana da sauri, kuma mai haddar kirki yana cin jarrabawa da ita. Aibinta kuwa shi ne ba ta faɗin dalili. Ɗalibin da ya ga log(x − 2) yakan ɗauka alamar ɗebewa hagu take nufi, sai ya gusar da zanen baya. Da an fara nuna masa cewa logaritim yana zama sifiri ne in abin da ke cikin baka ya zama 1, da shi da kansa ya gano x = 3, ya ga ɗigon (1; 0) ya koma (3; 0), layin nan da zane ke kusanta ba ya taɓawa kuma ya tashi daga x = 0 zuwa x = 2.

Aibi na biyu ya fi girma. John Napier ya fitar da logaritim a 1614 domin ya mai da ninkawa ta zama tarawa, Henry Briggs kuma ya ɗora shi bisa tushe 10 a 1617. Jerin dokokin nan yana ɓoye wannan asali, domin yana raba "matsewa" da "hawa" kamar abubuwa biyu, alhali kuwa log(10x) daidai yake da 1 + log x. Watau a zanen logaritim, matse zane sau goma ta gefe da ɗaga shi taki ɗaya abu guda ne.

Misalin wannan yana cikin kasuwa. Bahaushen Maraɗi ko Tawa da dala yake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa faran 5 ce. Abin da aka saya dala x, faran 5x ke nan, kuma log(5x) = log x + log 5. Saboda haka zanen faran shi ne zanen dala, an dai ɗaga shi da kimanin 0,7 ko'ina. Yaron da ya san "ɗari" ta kasuwa faran 500 ce ya riga ya riƙe rabin darasin.

Game da kalmomi, Hausa ba ta rasa abin aiki ba. Tana bambanta "gusa" da "gusar da", "matsa" da "matso", "miƙe" da "miƙar da", har mai sauraro ya san ko zane ne ya motsa ko motsa shi aka yi, da kuma inda ya dosa. Aro kalmar Faransanci a nan hasara ce. Sunan "logaritim" kansa dai ya cancanci a bar shi, tun da Napier daga Girkanci ya haɗa shi, harsuna da yawa kuma aronsa suka yi.

Abin da ya wajaba ga masu tsara littattafai shi ne su sake jera darasin: ɗigogi (1, 0), (10, 1), (100, 2) da farko, sa'an nan misalin dala, dokoki kuma daga ƙarshe, bayan ɗalibi ya gano su da hannunsa. In aka fassara jerin dokokin yadda yake, ɗalibi zai haddace da Hausa abin da bai fahimta da Faransanci ba.