Kunne Kafin Na'ura: Zaɓen Abin Sauraron Faifan CD a Tasawa da Mayahi

Wayar salula da katin memori sun kori faifan CD daga kasuwannin Tasawa da Mayahi. Duk da haka, malamin da ke son ɗalibansa su san kiɗan babbar ƙungiyar makaɗa ta Turai, wato okestira, yana da hujjar komawa ga faifan, domin irin wannan kiɗa ya dogara ne ga tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa.

Kamfanonin Philips da Sony suka fito da CD a 1982. Faɗinsa santimita 12 ne, an kuma tsara shi ya ɗauki minti 74. Yana riƙe tazarar sauti ta kimanin desibel 96, abin da kaset bai taɓa kusanta ba. Sai dai faifan ba ya magana da bakinsa. Idan an ba shi ƙaramar lasifika, rabin abin da ke cikinsa ya salwanta.

Babu ma'auni kamar Boléro, wanda Maurice Ravel ya tsara a 1928. Kiɗan yana farawa da ƙaramar ganga guda a can ƙasa-ƙasa, sannan sarewa ta shigo, sauran kayan busa su riƙa karɓar amo ɗaya suna miƙa wa juna, har kusan minti 15, kafin dukan makaɗa su rufe da ƙara. A na'ura maras kyau, ko dai a rasa farkon, ko kuma a ƙara murya ƙarshen ya tsage. Ɗalibin da ya ji haka zai yanke hukuncin cewa maimaici ne da hayaniya, alhali Ravel bai isa kunnensa ba.

Ma'auni na biyu shi ne simfoni na biyar na Beethoven, wanda aka fara kaɗawa a Biyana a 1808. Kashinsa na uku yana zarcewa cikin na huɗu ba tare da numfashi ba, kuma a wannan gaɓa ce duhun kiɗan yake wayewa. Wasu na'urorin DVD masu araha da masu karanta MP3 sukan saka ɗan shiru tsakanin kashi da kashi. Wannan shirun, komai ƙanƙantarsa, yana yanke jijiyar aikin.

Saboda haka ƙungiyar al'adu da ta tara ɗan kuɗi kada ta ruɗu da sunan kamfani ko yawan maɓallai. Bambancin na'ura da na'ura ƙarami ne idan an gwada shi da bambancin lasifika da lasifika, don haka kaso mafi tsoka ya tafi ga lasifikoki biyu na kirki, a raba su dama da hagu. Na'urar kuwa ta zama mai mafitar waya zuwa amfilifaya, mai rufaffiyar aljihu, saboda ƙurar hunturu kan makantar da idon da ke karanta faifai. A haɗa ta da abin daidaita wuta, ko a zaɓi mai aiki da batir ɗin hasken rana. Faifan kuma a kiyaye shi daga zafin bazara, domin yakan lanƙwashe.

Amfanin wannan ɗawainiya bai tsaya ga kiɗan Turai ba. Tambari da kakaki da algaita na fadar Tasawa, da goge da ƙwarya na ƙauyukan Mayahi, su ma muryoyi ne da yawa masu tafiya tare, kowace da gurbinta. Tolia Nikiprowetzky ya naɗi kiɗan maroƙan Nijar a shekarun 1960, kamfanin Ocora na Faransa ya buga shi, domin ya ga abin adanawa ne. Lasifikar waya kuwa takan haɗiye rugugin tambari, ta bar kukan algaita shi kaɗai. Yaron da aka koya wa rarrabe sarewa da kakakin Ravel, ranar hawan salla zai tsaya ƙofar fada da wani kunne dabam.