Kaka da Alƙalamin Kara: Yadda Yara Ke Koyon Rubutu a Zaurukan Gwiwa

Da zarar gero ya fara shiga rumbu a ƙauyukan Gwiwa, sai zaure ya dawo da hayaniyarsa. Yaran da damina ta kwashe zuwa gona, masu kai abinci da masu korar tsuntsu, su sauko da allunansu daga inda aka rataye su. A wannan yanki na masarautar Kazaure, mai maƙwabtaka da Jihar Katsina, kaka ce ke buɗe shekarar karatun allo.

Wasu yaran malam kan tafi da su ci-rani gabas, wajajen Haɗejiya da Nguru da Gashuwa. Amma da yawa a gida suke zama. Uba ko baffa ya zaunar da maza a zaure bayan asuba, inna ko goggo ta biya wa 'yan mata a tsakar gida. Karantarwar cikin gida tsohon abu ne a ƙasar Hausa: Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta hanyar matan da ta horar, waɗanda ake kira jaji, ta kai ilimi har ɗakunan matan karkara.

Kayan rubutun ma gona da daji ne ke bayar da su. Alƙalami daga sillen karan dawa ko gamba ake fiƙe shi, a tsaga bakinsa kaɗan don ya riƙe tawada. Kurtun tawada ɗan duma ne da ya bushe. Ita kanta tawadar daga baƙin tukunya ko gawayi ake haɗa ta, a sa mata ƙaro don ta kama allo, ta kuma wanku idan an biya. Karan da aka bari bayan girbi shi ne wutar karatun dare da na asuba in hunturu ya kankama. Yaron da ya fiƙe alƙalaminsa da hannunsa ya san darajarsa fiye da wanda aka saya wa biro.

Matakin farko babbaƙu ne. Malam ya rubuta, yaro ya bi da tsinke yana kiran haruffa da sunayen da Hausawa suka raɗa musu gwargwadon siffarsu: am baki wofi, lam jaye, sin ara, ha kuri. Hikimar da ke nan babba ce, domin sunan harafi shi ne ke tuna wa yaro kamanninsa. Daga nan sai farfaru, a sa wa baƙi wasali. Sai hannu ya faɗa sannan a bar shi ya kwafi darasinsa da kansa, da rubutun Magaribi na ruwayar Warshu, inda ɗigon fa ke ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama. Ya biya, malam ya gyara, a wanke allo, gobe a sake.

A Amurka ma, inda doka ta halatta karantar da yara a gida a dukkan jihohi 50, wasu iyalai masu riƙo da addini kan yi amfani da lokacin faɗuwar ganye wajen koyar da rubutu. Yaro ya kwafi ayar littafinsu mai tsarki a kan godiya, sannan ya rubuta jimla biyu ko uku nasa na kansa a kan kabewa ko ganyen da ya tsinto. Wajen kwafi da kyan hannu, zauren Gwiwa ba shi da abin koya daga wurinsu. Rabin aikin na biyu ne ya kuɓuce masa.

Kaka na ba yaron Gwiwa alƙalami da wuta da lokaci, amma da wuya a ce masa ya rubuta wani abu a kan kakar. Yana iya cika allo da kyakkyawan rubutu, ya kasa rubuta dami nawa suka ɗaure bana. Alhali kakanninsa da waɗannan haruffa suke rubuta wasiƙa da lissafin bashi da waƙoƙin wa'azi cikin ajami, tun kafin Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909. Ajamin nan yana ta ja da baya: an cire shi daga ƙananan takardun naira a 2007, aka cire shi daga naira ɗari a 2014. In zaure ma ya sake shi, babu mai riƙe shi.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi, ba ya kuma taɓa alfarmar allon Alƙur'ani. Takarda daban ta wadatar. Iyaye da malaman zaure a Gwiwa da Roni da Kazaure su ware ranar Alhamis, da ma hutun allo ce, su sa yaro ya rubuta da Hausa, ajami ko boko, abin da aka girbe a gonar gidansu, da wanda ya taya su aiki, da wanda aka kai wa zakka.